Ta Takwas Ɗin da Kofur Buyondo Ya Tsamo

Takardar tana nan rataye a ɗakin yayana, cikin gilashi, da hatimi da sa hannun wani babban hafsa. A jikinta an rubuta cewa Kofur Swaibu Buyondo ya tsamo mutum bakwai daga tafki. Ƙarya ce. Takwas ne. Ina tsaye a bakin ruwan na ƙirga su da idona, kuma duk mai hankali a Bukaali ya san takwas ne, har da waɗanda suka fi kowa dagewa a kan bakwai.

Ni ce Zaituni Nakiwala, ƙanwarsa ciki ɗaya. Bandar kifi nake yi a bakin gaɓa tun ina budurwa, kuma mutanen garinmu suna cewa bakina ya fi hayaƙin murhuna shiga ido. Su yi ta faɗa. Da ni ma na iya kame baki irin na Yaya, da tuni wannan labari ya bi ruwa.

Babanmu masunci ne, kuma a tafkin ya mutu, a wurin da ko jifa ka yi daga gaɓa za ta kai. Bai iya iyo ba. Kusan duk masuntanmu haka suke: mutum ya shekara talatin a kan kwalekwale, amma ran da ya faɗa ruwa sai ya nutse kamar dutsen niƙa. A wurinsu koyon iyo kiran tsautsayi ne. Yaya yana da shekara goma sha biyu a lokacin. Da aka share makoki sai ya samo jarkar da ba komai a ciki ya ɗaura a ƙirji, ya riƙa shiga ruwa kullum da hantsi, dattawa suna zaune suna ɗinkin raga suna yi masa dariya. Mamarmu ta zane shi ya fi a ƙirga. Bai daina ba sai da ya iya zuwa dutsen da tsuntsaye ke sauka ya dawo ba tare da jarka ba.

Da ya kai ashirin da biyu ya shiga soja. Mu muna nan muna jira mu ji ya zama wani abin tsoro, ashe can sun dubi faɗin kafaɗarsa sun ce ga mai tuƙin tuwo Allah Ya kawo. Suka miƙa masa muciya mai tsawon mutum. Shekara goma sha tara yana tuƙa tuwon masara yana dafa wake wa ƙarti ɗari uku a bariki, bai taɓa harbin ko zabuwa ba. In ya zo hutu da kakinsa a goge, sai samarin gaɓa su tare shi.

"Kofur Muciya, yau wa aka ci da yaƙi, wake ko kabeji?"

"Wake ya miƙa wuya, kabeji ya gudu," in ji shi, yana murmushi.

Iyakar faɗansa ke nan. Ni kuwa sai in ji kamar in watsa musu garwashi, shi ko a jikinsa, ya wuce abinsa ya je ya wanke ƙafa a bakin ruwa.

Ya auri Nankya, mace mai sanyin hali, 'yar Mama Nakakande mai saƙar tabarma wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Kunyar suruka kowa yana yi a nan. Ba ka taɓa ta, ba ka haɗa ido da ita, ba ku cin abinci a inuwa ɗaya, ba ka karɓar abu daga hannunta. Tun muna yara ake ce mana wanda ya karya wannan doka, ciwon da ake kira obuko zai kama shi, ya yi ta rawar jiki har kabari. Amma ta Yaya ta wuce ta kowa. Ya taɓa hango ta tafe a hanyar kasuwa yana kan keke da buhun gawayi a baya, ya karya kan keken ya afka gonar rogo, shi da buhun da keken gaba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya da aure, na rantse da za a jera masa hotonta cikin na wasu tsofaffi uku sai ya yi kame-kame kafin ya nuna ta.

Kuma suna ƙaunar juna, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. In ya je gaishe ta sai ya durƙusa a bayan dangar kara, ita tana ciki kan tabarmarta, su yi ta hira.

"Wane ne wannan da takalmi kamar kofaton doki?"

"Ni ne, Mama. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. An ce har yanzu sojojin naka ba su mutu da girkinka ba?"

"Da sauran numfashinsu, Mama."

"To ga gyaɗa nan na soya, Nankya za ta miƙo maka. Ka kai musu su san abin da ake kira abinci."

Ranar da abin ya faru Asabar ce, cikin watan Afrilu, da hantsi. Ana addu'ar arba'in ta ƙanen Mama Nakakande a tsibiri, Yaya kuma yana gida hutu. Jirgi biyu aka tanada. Na farkon aka loda masa abin da ba a loda wa jirgi: matoke, wato ayabar da muke dafawa, tuli guda, buhun shinkafa biyu, awaki uku, da mutum goma sha tara, yawancinsu mata cikin gomesi, doguwar rigar fita ta matanmu. Yaya ya ce wa mai jirgin bakin jirgin ya kusa shan ruwa, a rage kaya. Wanda ya amsa masa shi ne Miiro, wan Nankya, mai shagon raga da ƙugiya, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba ko ana kallonsa.

"Suruki, wannan ba tukunyar wake ba ce. Bar wa masu ruwa ruwansu."

Yaya ya ƙyale shi. Shi dai ba zai shiga jirgi ɗaya da surukarsa ba, don haka ya ja gefe ya juya baya har ta hau, shi da matarsa suna jiran na biyu. Miiro ma ya tsaya, wai kashin awaki zai ɓata masa farin kanzunsa, doguwar rigar nan ta maza. Ni ina wajen murhuna ina juya kifi.

Ba su yi nisa ba. Iska ta taso daga kudu, irin mai zuwa ba sallama. Igiyar ruwa ta bugi jirgin sau biyu, awakin suka ruga gefe guda, mata suka bi su da kururuwa, sai ga jirgi ya kife. Daga inda muke tsaye kana iya gane fuskar mutum a cikin ruwan.

Maza sun fi talatin a gaɓar nan, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ɗora hannu a ka suna salati. Wasu suka ruga neman mai jirgi na biyu, wanda ya tafi sayen fetur ya bar injinsa a ɗaure da sarƙa. Can daga baya wasu masunta biyu suka tura kwalekwale da filafili, Allah Ya saka musu, su suka kwaso mutum tara da suka rungume jikin jirgin. Amma waɗanda ruwa ya raba da jirgin, mutum ɗaya ne ya je musu. Ban ma ga lokacin da ya cire takalmi ba.

Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Inda ƙafa ke taɓa ƙasa yake sakin su, mu mata mu shiga har ƙugu mu jawo su. Wata mai ciki, wani tsoho mai gyaran rediyo, mata huɗu, da wata 'yar shekara tara. Da ya ajiye ta bakwai sai ya durƙusa cikin ruwa yana amai, na riƙe shi na ce ya isa haka. Sai Nankya ta ƙwalla ƙara daga gaɓa: "Mama! Ina Mama?" Can muka hango shuɗin gomesi yana ɓullowa yana nutsewa.

Miiro yana tsaye a kan yashi, ruwa bai taɓa ko bakin kanzunsa ba. Yaya ya waiga ya dube shi, kallon da ke cewa uwarka ce fa. Miiro ya ce, "Ban iya ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban riƙe shi da wannan ba. Abin da ya yi daga baya ne ba zan yafe ba.

Yaya ya koma. Daga baya ya gaya mini cewa da ya isa ta gane shi, ta kau da kai tana cewa da ɗan sauran numfashinta, "Tafi, ɗana, tafi." Tsohuwa tana mutuwa tana jin kunya. Gomesi in ya sha ruwa, da zanen da ake naɗawa a ƙarƙashinsa da faffaɗar ɗamararsa, ya fi mai shi nauyi. Sau biyu yana kama ta kayan suna jan su ƙasa su biyun. Sai ya kwance ɗamarar, ya yage rigar ya bar wa tafki, ya rungumo ta a ƙirji daga ita sai ɗan zanen ciki. Da ya shimfiɗa ta a yashi ba ta numfashi. Na yafa mata mayafina. Ya durƙusa ya haɗa hannu biyu yana danna ƙirjinta, ya toshe mata hanci ya sa bakinsa a nata yana hurawa, kamar yadda aka koya musu a bariki. Na ji wata a bayana ta ce innalillahi, kuma na san ba mutuwa take wa salati ba. Can tsohuwa ta yi tari, ruwa ya zubo. Shi kuwa yana ganin idonta zai buɗe ya miƙe zumbur ya juya baya, ya je ya tsuguna a bayan wani kwalekwale. Mutum biyu tafkin ya riƙe ran nan.

Kwana uku ana yi masa godiya. Aka kawo kaji, aka kawo matoke, har samarin da ke ce masa Kofur Muciya suka zo suna sunkuyar da kai. A rana ta huɗu magana ta fara sauya launi, kuma a bakin famfo na fara jin ta.

"Kin ga inda ya sa hannu kuwa?"

"Ni bakin nan ne ya tsaya mini a rai."

"Ko ba komai ai da ya kira wani."

Na ajiye bokitina na ce, "Wane wanin? Mijinki yana wurin, me ya hana shi? Ko wandon nasa na aro ne yake tsoron ya jiƙe?" Daga ranar ba ta ƙara sayen kifina ba.

Mama Nakakande ta rufe kanta a ɗaki, ba kasuwa ba gidan suna. Miiro ya zo ya kwashe Nankya da 'ya'yanta biyu ya kai gidansa, wai sai dangi sun zauna.

Ana cikin haka Kyaftin Opolot ya zo, shugaban Yaya a bariki, wani dogo daga gabas, mutumin kirki. 'Yan sanda sun aika musu da rahoto cewa wani soja ya ceci mutum takwas, shi kuwa ya rantse sai an ba kukunsa lambar yabo, irin wadda ake ba sojan da ya sayar da ransa don ceton wasu ba a fagen daga ba. Abin da yake bukata kaɗan ne: sunayen mutum takwas ɗin, kowa ya dangwala yatsa a ƙarƙashin bayaninsa. In an amince, za a karanta sunayen a fareti, a sa a rediyo.

Maganar rediyon ce ta tayar da Miiro. Dangi suka zauna a gindin mangwaron ƙofar gidansa, ni kuma na kutsa ba gayyata.

"Suruki," in ji Miiro, "ba mu ce da gangan ka yi ba. Amma abin da ya faru ya faru. A gaban jama'a ka tuɓe uwata. Yanzu kuma so kake a kai rediyo, daga nan har Kampala kowa ya ji?"

"Ni ban nemi komai ba," in ji Yaya, kansa a ƙasa.

"To ga sharaɗinmu. Ka kawo akuya a yanka a wanke abin. Sannan a takardar sojojinku, bakwai ka tsamo. Mama masu kwalekwale ne suka ɗauko ta. In ka yarda, yau matarka za ta koma. In kuwa sunan uwata ya fito daga bakin wani mai lasifika, to ka nemi wata matar a barikinku."

Na ce, "Miiro, kai da ka tsaya gadin kanzu, yau kai ne mai sharaɗi? Da bai taɓa ta ba da yanzu kana zaune kana karɓar gaisuwar mutuwa. Ko ita ka fi so?"

"Swaibu, ka ja wa ƙanwarka kunne."

"Kunnen ƙalau yake, shi ya jiyo ka kana cewa ban iya ba."

Dattawa suka yi caa a kaina, wani ya ce mace ba ta sa baki a zaman surukai. Yaya ya ɗago ya ce, "Zaituni, don girman Allah." Sannan ya juya wajen Miiro ya ce, "Bakwai ne."

Na bi shi har gida ina zazzaga masa masifa. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Ke lamba kike gani. Ni kuwa tsohuwa nake gani wadda ta kasa leƙo ƙofar ɗakinta saboda ni. In bakwai zai sa ta ɗaga kai, to bakwai ne." Na ce ba saboda kai ba ne, saboda bakin mutane ne. Ya ce a wurinta duk ɗaya ne. Duk wannan hukuncin da ake yankewa da sunanta, ba wanda ya je ya tambaye ta me take so. Ni ma ban je ba, kuma wannan laifin na ɗauka.

Kyaftin ya kusa haukacewa. A gabana ya buga takardar a cinyarsa.

"Kofur, 'yan sanda sun ce takwas. Likitan da ya duba tsohuwar ya rubuta cewa soja ne ya farfaɗo da ita. Kai ka ce bakwai. Ka san abin da hedikwata ke yi da takarda mai baki biyu?"

"Bakwai ne, Afande," in ji Yaya, da lakabin da sojojinmu ke kiran na gaba da su.

"Na sha ganin sojan da ya ƙara wa kansa, ban taɓa ganin wanda ya rage ba. Wa ya tsorata ka?"

"Ba kowa, Afande. Bakwai ne."

Aka yanka akuya, kuma waɗanda suka tsaya a gaɓa ran nan su suka fi kowa cin naman. Nankya ta koma ɗakinta. Yaya bai ƙara zuwa bayan dangar nan ba, sai dai ya ba matarsa saƙon gaisuwa. A hankali Mama Nakakande ta fara fitowa, Miiro kuma ya gaya mata cewa sojoji ne da kansu suka bar maganar.

Abin da kyaftin ya ji tsoro shi ya faru. Takarda ta hau sama ta dawo da tambaya, ta sake hawa ta sake dawowa. Wani a ofis ya rubuta a gefenta cewa a bincika ko akwai ƙarya a ciki. Ka ji fa! Mutum ya shiga ruwa sau takwas, wani yana zaune fanka tana kaɗa masa yana tuhumarsa. Abin haushin kuma, ƙaryar ya yi, sai dai ba irin wadda suke nema ba. Na taɓa barin murhuna na hau mota na je hedikwatar da kaina. Na wuni a kan benci, la'asar sakaliya wani ya leƙo ta taga ya ce in ba ni ce mai takardar ba in koma gida, za a neme shi. Aka sauya wa Opolot wurin aiki, takarda ta kwanta shekara huɗu.

A shekara ta uku hannun Yaya na dama ya fara rawa. Da fari babban yatsa ne kawai, daga baya ko kofin shayi ya ɗauka sai rabi ya zube. Likita a Masaka ya ce ciwon jijiya ne, yana kama Turawa da Indiyawa da waɗanda ba su taɓa aure ba balle su yi suruka. Amma je ka gaya wa Bukaali. Wallahi har wani haske na ga fuskokin wasu sun yi, kamar an yi musu albishir. "Ba mu faɗa ba?" Har ɗaya daga cikin matan nan huɗu na ji da kunnena tana cewa ai al'ada ba ƙarya ba ce. Na ce mata, "Hannun da kike magana a kansa shi ya damƙo ki ta gashi. Da ya sani ya bar ki ki je ki koya wa giwan ruwa al'ada." Ta ce ba ni da kunya, na ce ai tuni na bar kunyar a bakin tafki.

Ran da Yaya ya ɓarar da tukunyar wake a ƙafarsa aka ce ya yi ritaya. Ya dawo gida yana yawo da hannu a aljihu, ya daina zama cikin maza bayan sallar Juma'a, in an miƙo masa hannu sai ya ɗan rusuna ya wuce. Wata rana yana taya ni jera kifi da hagu na tambaye shi ko shi ma ya yarda obuko ne. Ya ƙarasa jera kifin da ke gabansa. Can ya ce, "In ma shi ne, da za a sake kifewa gobe zan sake zuwa." Na shige cikin hayaƙi don kada ya ga idona.

Opolot ne ya tono takardar bayan ya zama manjo ya koma hedikwata. Ya ga in ba a tsaya a kan bakwai ba ba za ta taɓa fita ba, sai ya bar ta a haka. Wasiƙa ta zo cewa Kofur Buyondo mai ritaya ya hallara a filin ƙwallon gunduma ranar faretin sojoji. Miiro ya kafa doka kada wanda ya gaya wa uwarsa. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ana gobe za a tafi Nankya ta je ta zauna a gaban uwarta ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga zaman gindin mangwaro har zuwa sharaɗin. Matarmu mai sanyin nan, wadda na shekara huɗu ina jin haushinta a ɓoye.

Muka je. Rana ta take, 'yan badujala suna busa, manya suna cikin rumfa. Wa zan gani a layin gaba na dangin jarumi, da sabon kanzu da kwat a sama? Miiro. Har yana gyara wa na kusa da shi yadda ake faɗin sunan surukinsa. Da ba don Nankya ta riƙe mini zane ba da an kwana ana labarina.

Aka kira Yaya. Ya tako cikin tsohon kakinsa da ya yi masa yawa, ya ƙame a gaban birgediya, ya danne hannun daman nan a ɗinkin wandonsa da iya ƙarfinsa. Mai lasifika ya karanta cewa ya ceci rayuka bakwai, ya jero sunayen. Birgediya ya maƙala masa lambar a ƙirji, aka fara tafi.

"Takwas!"

Daga rumfar mata muryar ta fito. Mama Nakakande ce, cikin koren gomesi, da sandarta. Ta shigo filin ta kare gefen fuskarta da mayafi don kada ta gan shi, ta tako har ta zo taku biyar a bayansa, sannan ta juya ta ba shi baya ta fuskanci jama'a. Sojoji biyu suka nufo ta, Manjo Opolot ya ɗaga musu hannu suka tsaya.

"Kai ɗana mai lasifika, sake ƙirgawa."

"Kaka, takarda ta ce bakwai."

"To ni wace ce? Fatalwa? Shekara huɗu ina cin matoke ina shan shayi. In bakwai ne, a je a nuna mini kabarina in kwanta."

Wasu suka fara dariya, suka ga ba ta dariya suka haɗiye. Miiro ya miƙe. "Mama, don Allah, mutane fa..."

"Zauna, Miiro. An ba ni labarin tsayuwarka. Yau kam zauna."

Ya zauna. Ta dogara sandarta da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda ko lasifika ba ta bukata.

"Sunana Nakakande. Mijin 'yata ne ya fito da ni daga ruwa. Na ce ya tafi, ya ƙi. Ya yage mini riga, ya danna mini ƙirji, ya hura mini numfashinsa a baki. Na ji kunya, har yau ina ji, kuma ba zan dube shi ba har in koma ga Allah, domin kuwa haka muka tashi muka tarar. Amma kunyata tawa ce, ban ba kowa aronta ya je ya yi ciniki da ita ba. Kuna cewa saboda ni hannunsa ke rawa. To ku da ba ku taɓa ni ba, ku ɗaga naku masu lafiyar mu ga abin da suka tsamo."

Mutanen Bukaali sun cika mota biyu a filin nan. Ba hannun da ya tashi.

Birgediya ya karkata ya yi magana da Opolot ƙasa-ƙasa, sannan ya ce an riga an sa wa takarda hannu, ba a gyara ta a fili, amma za a duba. Saura Yaya ya sara masa ya juya ya tafi. Ya cire hannun daga jikin wandonsa ya kai goshi, hannun kuwa ya shiga rawa yadda na can ƙarshen fili ma yana gani, har lambar tana kaɗawa a ƙirjinsa. Birgediya ya amsa ya sauke nasa. Yaya bai sauke ba.

"Kofur, sauke!" in ji samanja.

Bai sauke ba. Tsohuwa ta gyara mayafinta ta kama hanyar ƙofa, tafiyar mai shekara saba'in da wani abu, sanda gaba ƙafa baya, ga filin da tsawo. Samanja ya sake daka masa tsawa, Opolot ya ce ya ƙyale shi. Yaya yana tsaye fuskarsa na kallon rumfar manya, bayansa na wajenta, hawaye na bin kumatunsa suna shiga wuyan kaki, hannun na ta kakkarwa a goshinsa a gaban duk wanda ya taɓa yi da shi. Ba shi da halin waiwaya ya ga ko ta kai.

Sai na tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita, na je na tsaya a gefensa ina kallon ƙofa a madadinsa. Sai da koren gomesin ya ɓace na ce, "Ta fita, Yaya."

Sannan ya sauke.